Abin da na fito da shi daga banki

Na shiga aikin banki ne ana gab da yi wa bankunan ƙasar nan garambawul. A watan Yulin 2004 gwamnan Babban Banki na lokacin, Farfesa Charles Soludo, ya ce duk bankin da ke son ci gaba da buɗe ƙofa sai ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 ne a ƙasar, da ƙura ta lafa 25 suka rage. Bankin da ya ɗauke ni yana cikin waɗanda aka haɗe da wasu, don haka tun ban gama sanin sunayen abokan aikina ba aka sauke allon bakin ƙofa aka kafa wani. Ban daɗe da gama bautar ƙasa ba a lokacin, ga digirina na akanta daga Jami'ar Bayero, ga zumuɗin yarinta. Aikin farko da aka ba mu shi ne mu ɗauki fom mu shiga kasuwannin Kano, Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, muna tallar hannun jari. A layukan Kwari na koyi yadda ake gaida babban ɗan kasuwa: ki samu gefen benci ki zauna, ya sallami mai sari, ya gama waya da Dubai, ya kurɓi shayinsa, sannan ya dube ki ya ce, "To 'yar banki, me aka kawo mana yau?"

Da kasuwar hannun jari ta rushe a 2008, mutanen da muka sayar wa takardun nan sun tafka asara mai ciwo. Wasu abokan aikina suka daina bi ta layukan gaba ɗaya. Ni na ci gaba da zuwa, in zauna a bencin nan in sha faɗa, in yi bayanin abin da na sani, in tashi. Bayan shekaru, da aka ba ni reshe, waɗannan Alhazan ne suka fara kawo mini ajiyarsu.

Gaskiya na so aikin. Amma ga Bahaushiya mai aure, aikin banki ba ƙaramin al'amari ba ne. Fita bayan asuba, dawowa bayan isha'i, ranar ƙarshen wata kuwa ba mai motsawa sai lissafi ya daidaita, ko da kwabo ne ya ɓace. A unguwa ana maganar kuɗin ruwa, a dangi ana maganar matar aure da ke yawo shago-shago. Surukata, Allah Ya jiƙanta da rahama, ita ta riƙe mini yara suna ƙanana, kuma ba ta taɓa goranta mini ba. Kowane wata ana ɗora wa reshe adadin ajiyar da zai kawo, duk Litinin a haɗa manajoji a waya da Legas, wanda bai cika nasa ba a wanke shi tas kowa yana ji. Da na zama manaja, ba sau ɗaya ba mutum zai shigo ofishina, ya gan ni a kujera, ya ce, "Hajiya, manajan nake nema." In ce ni ce. Ya ce, "A'a, babban nake nufi." Ban cika ɓata rai ba. Nakan ce ya zauna ya faɗi matsalar kafin babban ya iso, kuma yawanci kafin ya tashi an warware ta.

A watan Agustan 2009, Malam Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. Huɗu maza ne, ɗaya mace. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a hirar ofis ba wanda ya ce maza sun gaza, amma na ji da kunnena ana cewa an ga abin da ke faruwa idan aka ba mace banki. A zamanin Sanusin nan ne kuma aka sa wa bankuna burin mata su riƙe kashi 30 cikin ɗari na kujerun daraktoci da kashi 40 na manyan muƙaman gudanarwa. A 2015 Ibukun Awosika ta zama mace ta farko da ta shugabanci hukumar daraktocin First Bank, matar da ta faro daga sana'ar haɗa kujeru da kayan ofis. Daga baya mata suka hau kujerar shugabancin Fidelity da GTBank da Zenith. Ni ma iskar ta kaɗa ni sama, aka ba ni shiyya, rassa da dama a ƙarƙashina, mota da direba. Ina alfahari da matan nan, kuma na san abin da suka haɗiye kafin su kai can.

Sai dai akwai wasu matan da duk wannan ci gaba bai taɓa su ba, kuma su ne suka fitar da ni daga banki.

Wata rana wata dattijuwa daga unguwar da na tashi ta zo ofishina, 'yarta na riƙe da hannunta. Na san ta tun ina yarinya, tare suke sana'ar man gyaɗa da Innata. Ta cire takalmi a bakin ƙofa duk da na ce ta bar su, ta zauna a bakin kujera, ta kwance gefen mayafinta ta fito da katin zaɓe da hoton fasfo guda biyu. Ta ce, "'Yar nan, an ce gwamnati ta ajiye kuɗi a wurinku don mata. Injin markaɗe nake so. Kullum sai na biya kuɗin niƙa da na ɗan dako, ga layi, wani lokaci gyaɗar ta kwana." Naira dubu ɗari uku take nema. Na tambaye ta buhu nawa take matsewa a sati, ta faɗa. Na tambayi abin da take samu a kwalba da abin da ƙuli-ƙuli ke kawowa, ta lissafa mini da ka, har da kuɗin itace da na gishiri, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ita ce uwar adashin layinsu fiye da shekara ashirin, ba a taɓa jin kuɗin wata ya yi ciwon kai a hannunta ba. Na buga lissafin a kwamfuta, na ga za ta iya biyan bashin nan cikin shekara ba tare da ta girgiza ba.

Amma fom ɗin da ke gabana bayanin asusu na wata shida yake nema, da takardar rajistar sana'a, da jingina, da masu tsaya mata waɗanda ke karɓar albashi. Ba ta da ko ɗaya. Dukiyarta awaki ne, da 'yan kunnen gwal, da kwanukan da take tara wa 'yar autarta, da mutuncinta a unguwa. Gidan da take ciki na mijinta ne, shi ma ba shi da takardar shaidar mallaka. Na ce, "Iya, ki yi haƙuri, a wannan tsarin ba zai yiwu ba." Ta ɗaure katinta a mayafi, ta ce, "Ba komai, Allah Ya yi miki albarka," ta tafi.

Kuɗin da ta ji labari gaskiya ne. A 2013 Babban Banki ya ƙaddamar da asusun naira biliyan 220 don ƙananan sana'o'i, aka ce kashi 60 cikin ɗari na mata ne. A 2017 kuma aka sa hannu a dokar da ta halatta a jinginar da kadarar da ake iya ɗauka, kamar inji ko dabbobi ko kayan shago, a yi mata rajista a karɓi bashi a kanta. Niyya mai kyau ce duka. Amma kuɗin banki takarda yake bi, kuma kasuwancin matan Hausa kusan duka a cikin gida ake yin sa, ba rasit, ba asusu, ba shaida sai ta maƙwabta. Wanda bai tashi a cikin birni ba zai iya ratsa lungu ya ga ƙofofi a rufe ya ɗauka ba abin da ake yi. A bayan zaurukan nan kuwa ana tuyar ƙosai da awara, ana saƙa, ana ɗinkin hula, ana sayar da atamfa bashi a biya kaɗan-kaɗan, ana matsar mai. Da kuɗin man gyaɗar Innata aka saya mini fom ɗin jami'a, domin albashin Baffa na koyarwa bai isa ya ɗauki mu duka ba. Ni kaina na ɗauki farantin ƙuli-ƙuli na kai ƙofar makarantar allo kafin in sa yunifom.

Duk taron mata da za ki je a garin nan, sai wani ya tashi ya ambaci Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, ya ce ai 'yar kasuwa ce, a yi tafi a watse. Ni abin da nake so a tsaya a kansa shi ne dukiyar tata ce, a hannunta take, ita ke zaɓar wanda zai kai mata haja Sham, ita ke yanke sharaɗi, har ta haɗa Manzon Allah (SAW) da yaronta Maisara a tafiyar. Shari'a ta ba mace gadonta, ta ba ta sadakinta, ta ce abin da ta nema nata ne. Amma mata nawa muka sani da gonar gadonsu ke hannun yayyensu maza shekara da shekaru, ba a raba ba, ana cewa ana juya musu? Da kaka a aiko mata da buhun gero ɗaya, shi ke nan. In ta yi magana a ce ta raba zumunci. Wannan gonar ita ce jinginar da banki ke nema. Malamanmu sun yi wa'azin hijabi har ya shiga, ina roƙonsu su yi wa'azin raba gado da irin wannan naci.

Na daɗe ina juya maganar a raina kafin in furta. Da na faɗa wa maigida, ya yi shiru, sannan ya ce, "Maman yara, kin yi istihara?" Na ce na yi. Ya ce, "To ki tabbata kin ware kuɗin makarantar yara na shekara biyu inda hannunki ba zai kai ba, sauran kuma Allah Ya sa albarka." Innata ce ta fi ba ni wahala. Ta ce, "Ke 'yar nan, na sha hayaƙi na ƙona hannu don ki zauna a inuwa, yanzu ki ce gyaɗa za ki koma?" Ta yi kwanaki ba ta sake mini fuska ba. Ogana na Legas kuwa ya ɗauka wani bankin ne ya yi mini tayi, ya ce in faɗi abin da suka ba ni a ƙara. Da na ce man gyaɗa zan matsa, sai ya ce in ɗauki hutu in huta tukuna. A ƙarshen 2019 na miƙa makullin mota.

Kano da gyaɗa tsohuwar zuma ce. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1911, cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama abin da ake lodawa zuwa Legas a tsallaka da ita Turai. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna da ita, aka riƙa jera buhuna har suka zama dala. Farin farkon shekarun 1970, da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975, da kuɗin fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati, su suka rushe dalar. A hotunan da ake nuna mana, buhuna ne da 'yan dako da Turawan kamfani. Ba a ɗauki hoton matan da ke matsar mai a tsakar gida ba, alhali da dala ta tafi su ba su daina ba ko na kaka ɗaya.

Na yi rajistar sana'a a Hukumar CAC, na kama hayar wani rumbu a wajen Dakata, na sayi injin suya da na markaɗe da na matsa, da matata ta ƙarfe. Neman lambar NAFDAC ya ɗauki lokaci, domin sai an zo an duba wurin, an ga inda ake wanke hannu da inda ake ajiya, an ɗauki samfuri an gwada, kuma doka ta wajabta a ƙara sinadarin bitamin A a man girkin da za a sayar a kwalba. Wannan ɓangaren bai ba ni tsoro ba, cike fom da bin fayil ai sana'ata ce.

Kasuwar hatsi ta Dawanau ce ta nuna mini inda ilimina ya ƙare. A can ba wanda ya damu da kujerar da na taɓa zama. Mutanen da a da suke ɗaukar wayata tun ƙarar farko, yanzu sai in kira su ce za su neme ni. Ban riƙe kowa a rai ba, banki suke amsa wa, kuma bankin yana nan da sabon manaja. Sai na ɗauki Innata, wadda zuwa lokacin fushinta ya fara sauka, muka shiga kasuwar tare. Dillali ya kwance bakin buhu ya ɗebo mana gyaɗa jawur, manya-manya. Ni na yaba. Inna ba ta ko kalli ta saman ba. Ta naɗe hannun riga ta zura hannu har gwiwar hannu, ta damƙo ta ƙasa, ta watsa a tafinta. Ga ƙanana, ga motsattsu, ga tsakuwa. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta gatsa, ta saurari ƙarar, ta ce wa dillalin, "Ɗan nan, wannan ba ta gama shan rana ba. In ta bushe buhun nan zai rage tiya biyu, wa zai biya?" Ta kai wata hanci ta shinshina, ta ware masu baƙi a ciki gefe guda. Dillalin ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ashe da gwana kika zo," ya kai mu wani shagon can ciki.

Abin da Inna ke warewa da hanci, shi ne masana ke kira aflatoksin, gubar da fumfuna ke haifarwa idan gyaɗa ba ta bushe sosai ba ko ta sha danshi a ajiya. Ba ta da wuyar shiga mai da ƙuli-ƙuli, suya ba ta kashe ta, kuma tana lalata hanta, tana hana yara girma. Ita ce kuma ke sa a dawo da kayanmu daga Turai. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona kafin gyaɗa ta yi fure don rage gubar, kuma cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar da irin SAMNUT masu saurin nuna da yawan mai. Manoman da muke sayen kayansu kai tsaye, da su muke wannan maganar tun kafin damina. Amma har yau babban makaminmu tsinta ce: mata a zaune a kan tabarma, faifai a cinya, ƙwaya-ƙwaya.

Tsarin da na kafa ba wani mai wuya ba ne. Da kaka, lokacin da gyaɗa ke araha, nake saye da yawa in ajiye, abin da mace mai jarin tiya goma ba za ta iya ba, shi ya sa kullum take saye da tsada a bazara. A wurinmu ake tsincewa, a soya, a murje, a markaɗa, a matse. Man mu tace shi mu zuba a kwalba da jarka. Tunkuzar kuma matan su ɗauka, wasu su toya a nan, waɗanda ba sa fita a kai musu gida, su dawo da ƙuli-ƙuli mu auna mu saya, ko su sayar da abinsu in sun ga dama. Sharaɗina ɗaya ne, kuma a kansa ba na sassauci: duk wadda za ta yi aiki da mu sai ta buɗe asusu da sunanta, da lambar BVN ɗinta, ba na miji ba, ba na ɗa ba. Kowace tana da shafinta a littafi, abin da ta karɓa da abin da ta kawo, ta dangwala hannu ko ta sa hannu. Duk ranar Alhamis kafin la'asar kuɗin kowa ya shiga wayarta. Wannan littafin da wannan Alhamis ɗin su ne abin da na fito da shi daga banki. Ko zan ci bashi, ko zan hana kaina albashi, Alhamis ba ta wucewa.

Shugabancin mutane a nan wani karatu ne daban. A banki in ma'aikaci ya makara, takardar tuhuma ce, in ya maimaita a tura sashen ma'aikata. A nan mace za ta ɓace kwana uku, ki bincika ki tarar suna ake yi a gidan ƙanwarta, ko rasuwa aka yi a ƙauye, ko maigidan ne ya ce ba inda za ta. Ba takardar da za ki rubuta wa waɗannan. Sai na koma tsara aikin a kan rayuwarsu: a fara bayan an sallami yara makaranta, a tashi kafin la'asar don girkin dare, ranar Juma'a rabin yini, kowane rukuni da mai maye gurbi. Maganar asusu kuwa sai da na bi gida-gida. Nakan sa maigidana ya raka ni, mu fara gaida mai unguwa, sannan mu zauna a zaure da mijin. Wani ya ce mini, "Hajiya, ni ban hana ta sana'a ba, amma me ya sa kuɗin ba zai biyo ta hannuna ba?" Na ce, "Malam, ranar da za ta nemi jari a banki, sunan da ke kan takardar za a duba. Ka bar ta ta tara shaidarta, gidanka ne zai amfana." Ya ce zai yi shawara. Bayan sati ya kawo ta da kansa a babur.

Akwai abin da ba a faɗa a tarukan koyar da sana'a, kuma shi ya fi cin jarin mata: buƙatun gida da na dangi. Mace tana fara juya kuɗi, kowa ya sani. Ga gudummawar biki, ga anko, ga asibitin wane, ga ƙanin da zai biya kuɗin jarrabawa. Ba mugunta ba ce, haka muke rayuwa, kuma ni ma da irin wannan taimakon aka yi mini karatu. Amma uwar kuɗi in aka taɓa ta, sana'a ta mutu, mai taimakon ma ta koma neman taimako. Na yanka wa kaina albashi, daga cikinsa nake zumunci, kuma na gaya wa 'yan uwa a fili cewa kuɗin kamfani ba nawa ba ne ni kaɗai, haƙƙin matan nan yana ciki. Wasu sun ji haushi, har aka ce boko ya ɓata ni. Matanmu ma haka nake nace musu, jaka biyu, ta jari da ta kashewa, kada su haɗu ko da ranar sallah.

Shekarun da na zaɓa ba masu sauƙi ba ne. Muna fara tsayawa da ƙafafunmu aka rufe Kano saboda korona a watan Afrilun 2020, kaya a rumbu, motoci ba sa fita. A farkon 2023 aka shiga wahalar canjin takardun naira. Manomi a kasuwar ƙauye ya ce shi ba ya karɓar taransifa, masu POS suna yankar abin da suka ga dama, mutane na kwana a layin ATM. A wannan lokacin ne matan da suka yi mini gunaguni a kan asusu suka zo suna godiya, domin su kuɗinsu na shiga, kuma masu shagon unguwa sun koma karɓa ta waya. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuɗin dako ya bi ta. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar lantarki na rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. Ga kuma man da ake gaurayawa da wani mai araha a zuba a jarka a sayar ƙasa da abin da na kashe wajen sayen gyaɗa kaɗai. Uwar gida da albashin mijinta bai ƙaru ba, in ta ɗauki mai arahar ba zan ga laifinta ba. Abin da muka yi shi ne muka fito da ƙananan kwalabe, muka ƙara ƙarfi a kan ƙuli-ƙuli da garinsa na masu tsire da masu yaji, domin a can ribar ta fi tsayawa.

Da muka buƙaci babban inji, ni ma na ɗauki fayil na shiga banki. Yaron da ya karɓe ni, ni na koya masa aiki. Ya miƙe tsaye, ya ce, "Ranki ya daɗe," ya kawo mini ruwa, sannan cikin jin nauyi ya karanto mini jerin abubuwan da na haddace tun yana makaranta. Ina da bayanin asusu, ina da rajista, amma rumbun haya ne, kuma kuɗin ruwan ya haura kashi 30 cikin ɗari, domin Babban Banki da kansa ya kai ma'auninsa na kuɗin ruwa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Ba man gyaɗar da zai biya wannan. Daga baya na bi ta tsarin murabaha, irin wanda ya samu gindin zama tun da bankin Musulunci na Jaiz ya buɗe a 2012 wasu suka biyo baya: bankin ya sayi injin, ya sayar mini da riba sananniya, ina biya wata-wata. Ba kyauta ba ce, su ma suna neman takardu, amma na san abin da ke kaina tun ranar farko, kuma Inna ta samu natsuwa.

Dattijuwar nan ba ta ga wannan ba, Allah Ya yi mata rasuwa kafin in bar aiki. 'Yarta da ta riƙo hannunta ran nan tana cikin waɗanda suka fara aiki da mu. Bara ta je wani ƙaramin banki da bayanin asusunta na shekara uku, kowace Alhamis a jere, da kwafin shafinta na littafinmu da na sa wa hannu. Aka ba ta kuɗin injin markaɗe, injin kansa ya zama jingina. Ta kafa shi a zauren gidansu, matan layin suna kawo niƙa, ƙaninta ke tayar da shi. Yanzu ba ta karɓar tunkuza a wurina, gyaɗarta take saye, wani lokaci ma mu haɗu a Dawanau muna taya buhu ɗaya. Akwai wasu mata huɗu da takardunsu suka kusa cika, ina so su shigar kafin gyaɗar bana ta fara tsada, don haka satin nan ni da akawunmu muna zaune a kan shafukansu muna daidaita su da abin da banki ya buga.